Wa Ke Tsare Ran Ɗan Dambe? Lacca kan Haɗari da Kariya a Damben Boksin

 

An ɗora mini nauyin yin magana a kan damben boksin na ƙwararru, wanda ake yi don kuɗi da kambu: haɗarin da ke cikinsa, da abin da aka tanada don kare masu yin sa. Na san a ɗakin nan akwai masu hana idonsu barci duk daren da Anthony Joshua zai hau dandali, akwai kuma dattawan da har gobe ba su yarda an haifi kamar Muhammad Ali ba. Ni ma cikinku nake, don haka kada wani ya ɗauka maƙiyin dambe aka gayyato.

Kowane wasa da irin rauninsa. Ɗan ƙwallo na karyewa, mahayin doki na faɗuwa, amma duk wannan tsautsayi ne, in aka tashi lafiya kowa sai ya yi hamdala. Boksin daban yake. Hanya mafi sauri ta cin wasa ita ce ka bugi kan abokin karawarka har ƙwaƙwalwarsa ta ɗauke na daƙiƙa goma, kuma wannan lokacin ne 'yan kallo ke miƙewa tsaye suna sowa. Duk wata dokar kariya da za mu ambata, an gina ta ne a gefen wannan gaskiya, ba ta kawar da ita ba.

Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai kamar kindirmo a ƙwarya: kana iya girgiza ƙwaryar ba ta ko tsage ba, amma abin da ke ciki ya dagule. Naushin da ya fi ɓarna shi ne wanda ya sami haɓa ko muƙamuƙi ya juya kai farat ɗaya. Ƙoƙo ya juya, ƙwaƙwalwa ta biyo shi a makare, sai siraran zaruruwan da ke haɗa sassanta su miƙe, wasu su tsinke. Akwai kuma ƙananan jijiyoyin jini tsakanin ƙwaƙwalwa da fatar da ta lulluɓe ta. Idan ɗaya ta yage, jini zai fara taruwa, ga shi ƙashin kai ba ya buɗawa ya ba shi wuri, sai ya danne ƙwaƙwalwar. Wannan shi ke kashe mafi yawan waɗanda suka mutu sanadin dambe. Inda abin ya fi muni, mutum na iya sauka da ƙafarsa, ya gaisa da jama'a, ya ce kansa ne ke ɗan sarawa, alhali jinin na can yana taruwa.

Wani zai ce, to safar hannun fa? Dokokin Queensberry da aka buga a Ingila a 1867 su suka kawo safar dambe, da turmi na minti uku, da ƙidayar goma. Amma hannu safa ke karewa. Tsirarar dunƙule idan ta ci karo da goshi ita ke karyewa, shi ya sa 'yan damben can baya suke auna inda za su kai duka. Mai safa kuwa yana iya kwana yana dukan kai, hannunsa ƙalau. Abin da safa ta rage shi ne tsagar fuska da zubar jini, wato abin da idon mai kallo ke gani. Hatta hular kare kai da 'yan damben da ba na kuɗi ba ke sawa, an cire wa maza ita a gasar Olamfik ta Rio a 2016, don hukumar wasan ta ce ba ta hana girgizar ƙwaƙwalwa.

Bari in kai ku Las Vegas, ranar 13 ga Nuwamban 1982. Ray Mancini na Amurka na kare kambunsa, mai neman ƙwacewa kuma Kim Duk-koo ne, ɗan talakawa daga Koriya ta Kudu. Turmi goma sha uku suna musayar wuta, Kim bai ja da baya ba. A na sha huɗu Mancini ya kai shi ƙasa. Ya kama igiya ya miƙe, alƙali ya tsayar da wasa, jim kaɗan ya sume, bai cika mako ba ya rasu. Bayan 'yan watanni mahaifiyarsa ta kashe kanta, alƙalin wasan ma, Richard Green, haka ya yi a shekarar da ta biyo. Saboda an nuna wasan a talabijin Amurka ta gani da idonta, hukumar WBC ta rage turmin wasan kambu daga 15 zuwa 12, sauran manyan hukumomi suka bi sahu kafin ƙarshen 1988.

A wannan shekara ta 1982 dai, a watan Yuni, wani ɗan Najeriya da ake kira Young Ali ya kara da Barry McGuigan a Landan. A turmi na shida ya faɗi, ya shiga doguwar suma, ya rasu bayan watanni. McGuigan bai manta da shi ba, don da ya ci kambun duniya a 1985 sunansa ya ambata. Amma sunan Kim ne ya shiga tarihin dokoki, domin shi aka gani a akwatin talabijin. Haka gyaran boksin ya saba zuwa: sai an yi gawa, kuma sai gawar da idon duniya ke kanta. Kafin su akwai Benny Paret, wanda Emile Griffith ya ritsa a kusurwa a New York a watan Maris na 1962, ya rasu bayan kwana goma. Akwai Davey Moore da shi ma ya rasu a 1963, shi ne kuwa mutumin da ya karɓe kambun duniya daga hannun Hogan Bassey na Kalaba a 1959.

Ga abin da nake so ku riƙe daga duk maganar yau. Ɗan dambe shi ne mutum na ƙarshe da za a nemi ya kare kansa. Tun yana yaro ake koya masa cewa mai sarewa ba namiji ba ne. Wanda ya ɗaga hannu ya ce ya isa, gobe babu mai gayyatarsa, 'yan kallo kuma su bi shi da ihu. Ƙari a kan haka, gaɓar da zai yi tunani da ita ya gane ya kai maƙura, ita ce ake duka. Kim ya miƙe ne don jarumi ne, jarumtar ce kuma ta kai shi turmi na sha huɗu. Rago da tuni ya kwanta a na biyar, ya koma gida ga uwarsa. Tunda haka ne, ran ɗan dambe amana ce a hannun waɗanda ke kewaye da shi: alƙali, da kocin da ke riƙe da tawul, da likita, da mai shirya wasa, da hukumar da ta ba da lasisi. Dukkansu kuwa, in ka duba, da guminsa suke cin abinci.

Tsayar da wasa ba abu ne mai sauƙi ba, kada mu raina masu yi. Alƙali na da daƙiƙa biyu ko uku ya karanta idon mutum. In ya yi sauri a ce ya ɓata wasa, wataƙila ma a ce an saye shi. In ya yi jinkiri, abin da ya faru da Paret ya faru. A watan Yulin 2019, a jihar Maryland, koci Buddy McGirt ya dubi yaronsa Maxim Dadashev bayan turmi na sha ɗaya, ya roƙe shi ya bari a tsayar. Dadashev ya girgiza kai. McGirt bai saurare shi ba, ya tsayar. Duk da haka aikin gama ya gama: kafin ya kai ɗakin sauya kaya ya fara amai, bayan kwana huɗu ya rasu yana ɗan shekara 28. Kocin ya yi daidai, amma jinin ya riga shi. Wani abin da ban taɓa mantawa ba ya faru a Landan a 2016. Chris Eubank ƙarami na ta jibgar Nick Blackwell, sai mahaifinsa, Eubank babba, ya hau kusurwa tsakanin turmi ya ce masa ya bar kai ya koma dukan jiki. An tsayar da wasan a turmi na goma, aka sami jini a kan Blackwell, amma ya rayu. Uban ya san abin da ya hango, domin ya taɓa ganin irinsa da hannunsa.

Wannan ya kawo mu ga Michael Watson, kuma a nan zan ɗan daɗe, don labarinsa ya fi kowane koyarwa. Ranar 21 ga Satumban 1991, a filin ƙwallon Tottenham, Watson na gaban Eubank babba da maki, har ya kai shi ƙasa a turmi na sha ɗaya. Eubank ya miƙe, ya ɗago masa naushi ɗaya daga ƙasa ya sami haɓa. Watson ya faɗi, ƙeyarsa ta bugi igiya. Ƙararrawa ta cece shi, aka sake tura shi turmi na sha biyu, alƙali ya tsayar, sai ya zube a kusurwarsa. Daga nan ne ainihin ɓarnar ta fara. Babu wanda ke bakin dandali da kayan farfaɗo da mutum da sa masa iskar oksijin. Da aka ɗauke shi, asibitin da aka fara kai shi ba ya tiyatar ƙwaƙwalwa, sai da aka sake ɗaukarsa zuwa wani. Ƙwaƙwalwar da jini ya danne kuwa, kowane minti da ya wuce wani sashe nata ke mutuwa. Ya yi kwana 40 a sume, aka yi masa tiyata shida, ya shafe shekaru a keken guragu.

Watson ya kai hukumar damben Birtaniya ƙara, ya kuma yi nasara a 1999, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2000. Hukuncin ya ce wanda ya kafa dokar wasa, ya ba da lasisi, to kula da lafiyar ɗan wasa na wuyansa. Kuɗin diyya ya sa hukumar ta sayar da ofishinta na Landan ta koma Cardiff. Yau a Birtaniya ba a fara wasa sai da motar asibiti a ƙofa, da likitan da ya iya sa wa sumamme bututun numfashi, kuma sai an sanar da asibitin tiyatar ƙwaƙwalwa mafi kusa. A 1998 Spencer Oliver ya sami irin raunin Watson a Landan. Nan take aka yi masa allurar barci aka ba shi iska, aka wuce da shi tiyata, ya warke har ya zama mai sharhin dambe a talabijin. Rauni iri ɗaya, gari ɗaya, shekara bakwai tsakani. Watson kansa, Allah mai iko, ya taka tseren dogon zango na Landan a 2003, ya gama cikin kwana shida.

Kada ku ɗauka arzikin ƙasa kaɗai ke kawo wannan. A 2013, a tsakiyar New York, Magomed Abdusalamov ya gama wasa fuskarsa a kumbure, likitoci suka duba shi suka sallame shi, aka kai shi asibiti a motar haya. Ya rayu, amma da shanyewar jiki. Jihar New York ta biya iyalinsa dala miliyan 22 a 2017.

Sai abin da ke faruwa kafin a buga ƙararrawa, wanda mai kallo ba ya gani. An kasa boksin aji-aji bisa nauyi don kada ƙato ya haɗu da ƙaramin mutum, niyya mai kyau. Amma sai kowa ke son ya yi wasa a ajin da ke ƙasa da ainihin jikinsa. A makon awo ɗan dambe zai daina shan ruwa, ya sa rigar leda ya yi gudu, ya zauna a ɗakin zafi, ya zubar da kilo da dama na ruwan jiki. An mayar da awo kwana guda kafin wasa don ya sami damar maido da ruwan, sai hakan ya ba wasu ƙarfin gwiwar ƙara matse kansu. Mutumin da ya bushe haka ƙafarsa na saurin mutuwa, hannunsa na sauka, kansa ya zama a buɗe a turmin ƙarshe-ƙarshe. A ranar 2 ga Agustan 2025, a zauren Korakuen na Tokyo, 'yan dambe biyu, Shigetoshi Kotari da Hiromasa Urakawa, kowanne ɗan shekara 28, suka yi wasa daban-daban a dare ɗaya. Dukansu jini ya taru musu a kai, suka rasu kwana guda tsakani. Hukumar Japan ta rage turmin wasan kambun yankin daga 12 zuwa 10, ta kuma juya kan batun rage nauyi.

Akwai kuma haɗa wasa. Duk tauraron da kuka ga an rubuta ya ci wasa ashirin bai faɗi ko ɗaya ba, ku tambayi su wa ya doke. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, a kira su su sha kashi a biya su, kuma sau da yawa daga ƙasashen talakawa ake ɗauko su. Doka ta ce wanda aka sumar ya huta, yawanci wata guda zuwa biyu, ba wasa ba atisayen duka, domin ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba duka kaɗan ke gamawa da ita. Paret ya sha mugun duka a hannun Gene Fullmer ƙasa da wata huɗu kafin daren ajalinsa. Hugo Santillán na Ajantina ya sha kashi a Jamus a 2019, hukumar can ta ɗora masa hutun dole, sai ya koma gida ya hau dandali kafin wa'adin ya cika. Ana cikin karanta sakamako ya zube, yana ɗan shekara 23. Boksin ba shi da uwar hukuma ɗaya kamar yadda ƙwallo ke da FIFA. Wanda aka hana a nan sai ya tsallaka iyaka, kuma mai iyali da bashi a wuya zai tsallaka. A nan kusa da mu, a watan Maris na 2025, Segun Olanrewaju, tsohon zakaran Najeriya da Afirka ta Yamma, ɗan shekara 40, ya yanke jiki ya faɗi a turmi na uku a dandalin Bukom da ke Accra, ya cika. Bayan wata shida wani ɗan Ghana, Ernest Akushey, ya rasu kwanaki bayan wasa, har hukumomin ƙasar suka dakatar da boksin.

Duk wannan mutuwar farat ɗaya ce, kuma ita ce kaɗan. Wadda ta fi yawa a hankali take zuwa. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana tsofaffin 'yan damben da ke tafiya suna tangaɗi kamar sun sha giya, harshe ya yi nauyi, hannu na rawa. A 1969 wani bincike a Birtaniya ya duba tsofaffin ƙwararru 224, ya sami alamun lalacewar ƙwaƙwalwa a kashi 17 cikin ɗari. Wannan cuta tarin ƙananan duka ke kawo ta, kuma mafi yawan dukan da ɗan dambe ke sha a rayuwarsa a ɗakin atisaye yake shan sa, inda babu alƙali babu likita. Jerry Quarry, wanda ya kara da Ali sau biyu, ya rasu a 1999 yana ɗan shekara 53, a lokacin sai an ciyar da shi an sa masa riga.

Shi kansa Ali fa? Likitansa, Ferdie Pacheco, ya bar shi a 1977 bayan ya ba da shawarar ya yi ritaya aka ƙi ji. A 1980, yana ɗan shekara 38, maganarsa ta riga ta fara nauyi, aka ba shi lasisi ya fuskanci Larry Holmes. Turmi goma yana shan duka kafin kocinsa ya tsayar. Aka kuma sake shirya masa wani a 1981. A 1984 aka tabbatar yana da cutar Parkinson. Likitoci na muhawara kan ko dambe ne ya jawo masa ita, amma babu mai hankalin da zai kalli wasan Holmes ya ce ya kamata a yi shi. In har duniya ta kasa hana Muhammad Ali, da duk masoyansa, ku auna yaron da ba wanda ya san sunansa.

To a haramta mana, in ji wasu, kuma ba ƙananan mutane ba ne. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta nemi haka tun 1983. Suwidin ta hana damben kuɗi daga 1970 zuwa 2007, Norwe ma ta hana fiye da shekara talatin kafin ta janye a 2014. A ɓangaren addini, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi fatawar haramcinsa a 1987, bisa hanin dukan fuska da cutar da jiki. Malamaina na nan zaune, su ne masu wannan fage, ba zan shiga gabansu ba. Abin da zan ce a matsayin mai nazari shi ne, ƙasashen da suka hana ba su hana 'ya'yansu yi ba, ƙetare suka riƙa tafiya, kuma wasan da aka kora daga idon hukuma can bayan gari yake komawa, inda ko motar asibiti babu. Amma masu cewa boksin ya zama lafiya lau saboda an kawo likita, su ma ban yarda da su ba. Ana iya rage mutuwa ƙwarai. Lalacewar ƙwaƙwalwa kuwa tana nan muddin kai ake duka.

Kafin in zauna, kalma biyu kan namu damben na gargajiya, tunda yanzu ya shiga intanet, kuɗi sun fara shigowa, har ana kallonsa a ƙasashen waje. Yana da wata hikima da boksin ba shi da ita: turmi uku ne, kuma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. Ba a ƙirga wa wanda ya ga taurari goma a tashe shi a sake tura shi. Sai dai hannun da aka naɗe da kara ba shi da taushi, kuma wanda aka kashe yau da yamma, gobe kana iya ganinsa a fage ana yi masa kiɗa. Ba sai an jira na'urar hoton ƙwaƙwalwa ba kafin a gyara wannan. Littafi ɗaya ya isa, wanda shugabannin ɓangarorin dambe na Kudu da Arewa da Guramada za su yarda da shi, a rubuta sunan duk wanda ya suma da ranar da ya suma, kada a bar shi ya ɗaura kara a kowane gidan dambe sai wata ya zagayo. Mai gidan dambe kuma, kafin makaɗi ya ɗora hannu a kalangu, ya san wace mota ce za ta ɗauki mutum, da wane asibiti ne ke da likitan da zai iya buɗe ƙoƙon kai, da minti nawa ne tsakaninsu. Wanda aka buga ya fara amai, ko ya ce barci yake ji, ko ya kasa faɗin inda yake, kada a watsa masa ruwa a ce ya je ya kwanta. A sa shi a mota.